Jar Shinkafa a Kumbon Kaya

Aikina a ofishin saye-saye da ba da kwangila yake, a wata cibiyar binciken noma ta gwamnati da ke gefen Kalgo. Duk abin da cibiyar za ta saya, daga tsintsiya har tarakta, sai ya bi ta teburina. Yayana, wanda nake bi, shi ma a nan yake aiki a lokacin, amma shi masanin iri ne. Ya riga ni shiga, kuma shi ya ji labarin gurbin da na samu ya ce in nema. Mu 'yan Gwandu ne. Can mahaifiyarmu take, muna ce mata Inna, kuma can ya bar matarsa da 'ya'yansa mata biyu a wajenta. Duk Juma'a in an tashi aiki yakan ja motarsa ya tafi gida, ni kuma sau da yawa nakan bi shi in gaida Inna.

A irin wannan tafiyar ce ya fara yi mini maganar. Mun wuce Birnin Kebbi, ya rage muryar rediyo ya ce, "Ka san akwai mutanen da suke kwana a sama yanzu haka?"

Na ce na sha ji, 'yan sama jannati.

Ya ce akwai wata tasha da ke zagaya duniya can sama, mutane suna zama a cikinta wata da watanni suna bincike. Abincinsu, ruwansu, kayan aikinsu, duk daga ƙasa ake kai musu. Da can gwamnatoci ne ke ƙera kumbo da kansu su kai kayan. Yanzu sun koma ba kamfanoni masu zaman kansu kwangilar jigilar, su biya su kamar yadda ake biyan mai mota.

"Kamar dai yadda cibiyarmu ta sayar da manyan motocinta ta koma haya," in ji shi. "To su ma kamfanonin ba kullum kaya ke cika musu kumbo ba. Ɗan gurbin da ya rage sai dillalai su saya, su yanka ƙanana su sayar wa masu bincike. Ni gurbi kamar gwangwanin madara ya ishe ni."

Abin da yake so ya aika jar shinkafa ce, irin ta dā, wadda ake shukawa a fadama kafin ruwa ya zo, in ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo ta bi shi. Manoma sun fara barinta sun koma farar shinkafar noman rani. Ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana karɓar ɗan abin da ya rage a rumbunan tsofaffi, mafi yawa daga Wurogauri. Nufinsa irin ya je ya yi 'yan watanni a can inda abu ba shi da nauyi, a dawo da shi, ya shuka shi gefe da wanda bai je ko'ina ba, ya ga ko wani abu ya sauya. Ya kuma ce, yana murmushi, in ta je ta dawo, har wanda bai taɓa cin tuwonta ba zai tambayi labarinta.

Na ɗauka magana ce irin ta hanya. Yayana mutum ne mai yawan shiri, rabi yakan mutu a baki. Amma wannan bai mutu ba. Ya rubuta, ya aika, ya sake aikawa, har wani asusun gwamnati mai tallafa wa bincike ya amince ya ba da kuɗi. Ranar da kuɗin suka shigo asusun cibiya ya zo ofishina ya zauna a kan teburina, abin da ya san ba na so.

Na ce masa, "Yaya, tunda suka shigo nan sun zama kuɗin gwamnati. Sai an bi doka."

"To a bi mana. Ai shi ya sa na kawo ka."

Dokar ba da kwangila ba ta da wuyar faɗi. A tallata aiki a jarida, masu so su nema, a samu aƙalla uku masu takara, kowanne da rajista a ƙasar nan da shaidar biyan haraji, a ba wanda ya cika sharaɗi kuma ya fi sauƙin farashi. An yi ta ne don kada wani ya ɗauki kuɗin jama'a ya miƙa wa abokinsa, kuma ni ban taɓa ganin laifinta ba. A cikinta akwai cewa ma'aikacin da yake da dangantaka da mai aiki ba zai zauna a kwamiti ba. Saboda haka duk ranar da za a tattauna batun shinkafar, sai in miƙa wa mataimakina takardu in fita in zauna a benci ƙarƙashin darbejiya har a gama.

Aka tallata. Waɗanda suka zo su ne waɗanda suka saba zuwa. Akwai ɗan kwangilar da ke kawo mana kujeru. Akwai wani dattijo mai tireloli da ke kai albasa kudu, wanda aka karanta masa "jigilar kaya zuwa tasha" ya taso. Ya same ni a bencin ya gaishe ni da ladabi.

"Yallaɓai, wace tasha ce? In dai akwai hanya, motata za ta shiga."

Na yi masa bayani iya yadda na gane. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sauke, ya yi dariya, ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Da na ba yayana labari ya yi dariya har da riƙe ciki.

Dillalan ƙasashen waje kuwa sun rubuto, amma babu mai rajista a nan, kuma duk suna so a biya su da dala tun kafin a ɗauki kaya. Doka ba ta yarda a biya duka kafin aiki ba. Aka soke tallar. Aka rubuta wa hedikwata ana neman izini na musamman, tunda aikin ba irin wanda kowa ke iya yi ba ne. Muka zauna jira. A cikin jiran nan darajar naira ta yi ta faɗuwa, kuɗin suna nan yadda suke a takarda, amma abin da za su iya saya kullum raguwa yake.

A lokacin ne na lura yayana ya fara cire takalmi a ofis. Ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce zama ne ya yi yawa. Daga baya fuska ta bi, sai kasala, sai amai. Da aka je asibiti aka ce ƙoda ce, duka biyun. Aka fara wankin ƙoda. Tuƙi ya dawo hannuna, shi kuma ya koma kujerar gefe ya kwantar da ita. Yakan rufe ido tun daga Kalgo, sai mun kusa asibiti ya buɗe ido ya ce, "Hedikwata sun amsa?" In ce tukuna. Ya ce, "Za su amsa." Ya mayar da idonsa ya rufe.

Ya rasu da safe, a tsakiyar damina, ina tsaye a bakin gadon ina riƙe da kofin shayin da ya ce in haɗa masa. Ma'aikaciyar jinya ta ja mayafi ta rufe shi, ta ce in yi haƙuri. Na nemi inda zan ajiye kofin ban samu ba, sai na shanye. Na kira kawunmu na faɗa masa, na kira shugaban cibiya, na je na nemo motar da za ta kai mu Gwandu. Duk abin da ya kamata a yi na yi shi a kan lokaci.

Ni na shiga kabari na karɓe shi. Ƙasar a jiƙe take, tana manne wa hannu. Na tuna ina tunanin a ce an zo da buta kusa. A zaman makoki mutane suka yi ta zuwa, daga Maruda, daga Dalijan garin matarsa, har manoman Wurogauri sun yi mota guda. Kowa ya zauna ya yi addu'a ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Na ji wasu suna yaba tawakkalina. Ni dai na san babu abin da nake dannewa. Ina jiran abin ya zo ne, kamar yadda mutum ke jiran zafi bayan ya buge yatsa, bai kuwa zo ba. Ina cin abinci, ina barci, ina jin kiran salla in tashi. In na shiga wajen Inna na tarar tana kuka, sai in zauna a bakin ƙofa in dubi tabarma har ta gama.

Da na koma aiki na tarar izinin hedikwata ya iso. Shugaban cibiya ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, ya je jana'iza, ya kuma koma ta'aziyya. Ya sake yi mini gaisuwa, sannan ya juya takardar da ke gabansa.

"Aikin marigayi ba za mu bar shi ya mutu ba. In shekara ta ƙare ba a kashe kuɗin ba, baitulmali za su koma. Kuma yanzu babu abin da zai hana ka zama a kwamiti. Dangantakar da doka ke magana a kai, ka gane, babu ita."

Na ce, "Na gane, ranka ya daɗe."

Gaskiya ya faɗa. Na duba dokar daga baya, haka take.

Ranar zaman kwamiti na zauna a kujerata ta sakatare. Wani kamfani na cikin gida ya haɗa gwiwa da dillalin waje, ya kawo mana farashi iri biyu. Ashe kumbunan kayan ba ɗaya ba ne. Akwai wanda in ya sauke kaya a tashar, yakan ɗauko wasu ya dawo da su, ya faɗa teku da lema a je a tsamo shi. Akwai kuma wanda ba ya dawowa. Shi in an kwashe kayansa sai a cika shi da sharar tashar, a sake shi, ya ƙone ƙurmus a hanyarsa ta shigowa iskar duniya. Gurbi a na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kuɗinmu, bayan abin da faɗuwar naira ta ci, na biyun kawai za su iya saya.

Akwai wata malama da ta yi aiki tare da yayana a ɗakin gwaji, yanzu aikin ya koma hannunta. Ita ce ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, dawowar ita ce aikin. In irin bai dawo ba, me za mu shuka? Me za mu gwada?"

Akantan cibiya ya ce babu inda za a samo cikon, ya riga ya tambaya. Wani ya ce a sake rubuta wa asusun. Aka ce kafin su amsa shekara ta ƙare. Wakilin kamfanin ya ce akwai mafita: a sa irin a ɗan akwati mai auduga, in ya isa wani daga cikin 'yan sama jannatin ya tura masa ruwa, na'ura ta riƙa ɗaukar hoton tsirowarsa tana aiko mana. Ya ce makarantu da yawa haka suke yi. Malamar ta ce wannan wani aiki ne daban, ba wanda marigayi ya rubuta ba. Ta juyo ta dube ni. Ina jin so take in ce wani abu a matsayin ƙaninsa.

Shugaba ya ce, "Sakatare, doka ta yarda a sauya?"

Na ce ta yarda, in kwamiti ya amince kuma aka sanar da masu ba da kuɗin. In an sauya, mai sauƙin farashin shi ya cika sharaɗi. Aka amince. Na rubuta abin da aka zartar da hannuna, na karanta musu, kowa ya sa hannu. Malamar ma ta sa, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Na tattara kofunan ruwa na kashe fanka.

Bayan 'yan kwanaki ta aiko a kira ni ɗakin gwaji, don doka ta ce sai wani daga ofishinmu ya shaida abin da za a fitar. Ta buɗe firjin da yayana ke ajiye iri. Ƙananan ledoji ne jere, kowace da rubutunsa, sunan ƙauye da sunan wanda ya ba shi. Ta zaɓi ƙwayoyin da suka fi cika da ɗan hantsaki, ɗaya bayan ɗaya. Duka abin bai cika cokali ba.

"Ka yi haƙuri da abin da na yi ranar nan," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Na san ba kai ka yanke ba."

Na ce babu komai. Ta ce ita har yanzu in ta buɗe ƙofar nan da safe sai ta ji kamar za ta same shi. Ta tambaye ni ko ni ma haka nake ji. Na ce e, don na ga amsar da take jira ke nan.

Aka yi takardun lafiyar tsiro, aka aika da ƙunshin. Watanni suka wuce. Aka sa ranar tashi aka ɗaga saboda hadari a can ƙasar, aka sake sawa. Ranar da abin ya tabbata Asabar ce, ina Gwandu, bayan la'asar. Kamfanin ya turo mana inda za a kalla a waya. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda sabis ya fi kamawa. Matar yayana, wadda ta riga ta fita takaba amma tana nan wajen Inna, ta zo ta tsaya a bayana da ƙaramar a goye. Inna tana kan kujerarta 'yar tsugune tana tsince wake.

Rokar da za ta ɗaga kumbon tana tsaye fara sol, hayaƙi yana fita ta gindinta, wani yana ƙirga da Turanci. Wuta ta tashi. Sai hoton ya tsaya cak, 'yar da'irar nan tana juyawa a tsakiya. Na ɗaga wayar sama, na matsa kusa da rijiya. Kafin ya dawo babu komai a fuskar wayar sai sararin sama da wani farin layi.

"Ta tahi?" in ji Inna.

"Ta tafi, Inna."

"Shinkafar tashi na ciki?"

"Tana ciki."

Ta ce Allah shi kai ta lafiya, kamar yadda take ce wa duk wanda zai hau mota. Matar yayana ta koma ɗaki. Na zauna da wayar a hannu har ta mutu don kanta. Na yi ƙoƙarin tuna fuskarsa ranar da ya zauna a kan teburina, sai fuskar asibiti ke zuwa, ita ma kamar ta wani da na taɓa gani a layin karɓar magani.

Hotunan sun fara zuwa bayan kumbon ya isa. Malamar ta turo mini su. Da farko ƙwayoyi ne kwance a auduga. Sannan suka fashe. A na ƙarshe tsiron ya fito siriri, fari-fari, saiwoyin sun bazu ko'ina, wasu sun yi sama, wasu sun lanƙwashe sun dawo, tunda a can babu ƙasa babu sama da za su bi. Ba duka suka tsiro ba, amma da yawa sun yi. Na kai wa Inna ta gani. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Wanga bai samu rana ba," ta ce. "Wa ka ba shi ruwa can?"

Na ce akwai mutanen da ke zaune a wurin, ɗayansu ne ya ba shi.

"To Allah shi saka mishi." Ta miƙo mini wayar. "In sun girma ina za a dasa su?"

Na ce ba za a dasa ba, gwaji ne kawai.

Saƙon ƙarshe gajere ne. Kamfanin ya sanar da mu cewa an saki kumbon daga tashar, ya shigo ta saman wani teku mai nisa ya ƙone kamar yadda aka tsara, suna godiya da muka yi hulɗa da su. Ina cin gyaɗa a ofis lokacin da na karanta. Mai kula da sito ya zo yana tambaya me zai rubuta an karɓa, tunda ba a biyan cikon kuɗin kwangila sai kaya sun shiga sito. Muka je wajen akanta, aka yi shawara, aka buga hotunan a takarda aka ba shi ya ajiye. Aka biya kamfanin. Malamar ta rubuta rahoto, da sunan yayana a farko, aka aika wa masu asusun. Sun amsa da wasiƙar yabo.

Bayan girbi mahaifin matar yayana ya aiko a mayar masa da 'yarsa. Inna ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Ni aka sa in kai su Dalijan. Muka ɗaure katifa a saman mota, kwanuka da akwatuna a but, yaran suka yi barci tun kafin mu fita gari. Ita tana baya tare da su. Tun da aka kawo ta gidanmu ba mu taɓa doguwar magana da ita ba, sai gaisuwa da ɗan wasan ƙanin miji.

Mun yi nisa ta ce, "Wai da gaske ne an ƙone shinkafar?"

Ban san inda ta ji ba. Na ce da gaske ne, tare da kumbon ta ƙone.

"Da shara, aka ce."

"E, da shara."

Ta ce, "Da yana nan da an sha rigima. Da sai ya hana kowa barci a gidan nan da ofishinku." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, mai ƙarfi, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar rasuwar. Babbar yarinyar ta farka ta kama kuka ita ma.

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Gonaki ne dama da hagu, an yanke gero an bar kara, wasu shanu suna kiwo a ciki. Na riƙe sitiyari ina kallonsu. Na fita na buɗe but na ɗauko ruwan leda na miƙa mata ta taga, na tsaya a waje har ta yi shiru ta wanke fuska ta rarrashi yarinyar.

"Mu tafi," ta ce.

Muka isa Dalijan kafin azahar. Na sauke kaya, na gaida mahaifinta, aka kawo mini fura na sha. Ya yi mini godiya, ya ce zumunci ba zai yanke ba, na ce in sha Allahu. Daga nan ban koma ta Gwandu ba, na wuce Kalgo kai tsaye, don ran Litinin za a buɗe takardun masu neman gyaran rufin ɗakin taro, kuma ban gama shirya su ba.